Shaidar Yayana da Rajistar Kara

Ranar Talata ta ƙarshe a watan Rajab, da ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, Allah ya karɓi ran yayana a ɗakinsa da ke Wurno. Mu huɗu ne a kansa: matarsa, 'yarsa ta fari, limamin unguwarmu, da ni ƙanensa. Na duba agogo domin haka aka hore ni tun ina yaro, kuma domin na kasa duban fuskarsa. Aka yi masa sutura kafin magariba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Washegari aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Jama'a sun zo daga Goronyo da Rabah da Maikujera: dillalan shanu, mahauta, masu albasa, har da 'yan kabu-kabu da suka jingine baburansu suka zauna. Wanda muryarsa ta fi ta kowa tashi shi ne shugaban kwamitin kara, wato kasuwar shanun da yayana ya yi rayuwarsa a cikinta. Ya ce, “Mutumin kirki na, bai da abokin hwaɗa.” Shi ne kuwa mutumin da ya sa aka ɗauke bencin yayana daga gindin tsamiyar kara. Wani mahauci da ke bayana ya rage murya ya ce wa na kusa da shi, “Allah shi gahwarta mai, amma dai zancen rugar nan ta bayan Shinaka…” Aka taɓa masa gwiwa, ya yi shiru. Na ji, kuma sun san na ji.

A hagun ƙofar gidan akwai wata bishiyar dogon yaro. Nan Fulani suke zama duk sa'ad da suka zo wurin yayana, shekara arba'in. Matarsa ta sa aka shimfiɗa musu tabarma biyu a wurin. Sau uku tana aiko mace daga cikin gida da tambaya guda: “Sun zo?” Kwana uku tabarmin nan suna shan rana, babu wanda ya zauna a kansu.

Saboda tabarmin nan biyu nake wannan rubutu. Ba na tsoron a manta da yayana. Abin da nake tsoro shi ne a tuna da shi a kan abin da bai aikata ba.

Yayana bai yi boko ba. Ni ne kawunmu ya ɗauka ya kai makarantar mishan a kudu, shi kuwa aka bar shi da gona da kara. Ba dillali ba ne, ba shi da sarauta, bai taɓa karɓar la'ada ba. Aikinsa shi ne tsaya wa mutane. Idan Bafulatani ya kawo saniya kara, aka yi shakkar ko ta sata ce, sai a kira yayana. Zai taso a hankali, ya dubi mutumin, ba ya ko duban saniyar, ya ce, “Na san shi.” Shi ke nan, ciniki ya faɗa. Idan kuwa bai amince ba, ba ya zargin kowa. Sai ya ce, “Wanga ban san shi ba,” ya koma bencinsa.

Na sha ganin mai saye ya matsa masa. Wata rana wani attajiri da ya zo da mota ya ce, “Baba, ka san shi daga ina? Ina rugarsu? Wane ne ubansa?”

Yayana ya ɓare goro, ya ba shi rabi, ya ce, “Alhaji, saniya kaz zo saye ko surukuta kaz zo nema? Ka tambaye ni ko ta sata ta. Ba ta sata ba ta. Mi kuma?”

Kara ta ɗauki dariya. Ni ban yi dariya ba. A lokacin ina ganin wannan rashin tsari ne. A makarantar da na yi, an koya mana da bulala cewa abin da ba a rubuta da suna da rana da sa hannu ba, bai auku ba. Na riƙe wannan darasi shekara talatin da biyar ina koyarwa, na kuma ɗora wa 'ya'yan mutane shi.

Yana da wata ɗabi'a da take ba ni haushi. Idan mutum ya fara ba shi labarin da bai kamata ya sani ba, sai ya ɗaga hannu ya ce, “Tsaya nan. Abin da ban ji ba, ba a iya matse ni in hwaɗe shi.” Bai taɓa tambayar Bafulatani yawan shanunsa ba. Ko matarsa ba ta san inda rugar amininsa take ba, wani dattijon makiyayi da suka shaƙu tun suna samari, wanda yake zaune a dajin bayan Shinaka. Ni kaɗai ya taɓa ɗauka zuwa can, sau ɗaya, ranar sunan jikan aminin nasa.

Da na yi ritaya na dawo gida, na rasa abin yi, na shiga gyara wa mutane magana a majalisa har aka fara watsewa idan na iso. Yayana ne ya je ya sami kwamitin kara ya ce, “Ku ba Hedimasta alƙalami shi zama sakatarenku. In ba haka ba huɗubar liman za ya koma gyarawa.” Haka yake kirana, Hedimasta. Ya nema mini wurin zama ne domin kada in wulaƙanta. Da alƙalamin da ya nema mini na yi abin da zan faɗa.

Sa'ad da 'yan bindiga suka addabi gabashin ƙasarmu, kara ta lalace. Shanun sata suka yawaita, kowane Bafulatani ya zama abin zargi, kowane dillali ana kallonsa ko mai kai musu labari ne. Kwamiti ya ce dole a sami hanyar tantance masu kawo dabbobi, kuma a waya za a yi ta, kamar yadda ake yin komai yanzu.

'Yar yayana ta fari malama ce a jami'a, ilimin kwamfuta take koyarwa. Ta zo hutu ta ji abin da ake ciki, ta yi makonni tana aiki, sannan ta zaunar da mu a zaure, ni da mahaifinta. Ta ce akwai wani reshe na lissafi da ake tabbatar da gaskiyar magana da shi ba tare da an tona abin da ke bayanta ba. A manhajar da ta gina, kowane dattijo da kara ta amince da shi yana da makulli na sirri a wayarsa. Idan biyu daga cikinsu suka tsaya wa makiyayi, wayar makiyayin za ta iya nuna wa wayar mai saye cewa lalle an tsaya masa, kuma ba a taɓa kama shi da dabbar sata ba. Amsa ɗaya mai saye zai gani: e, ko a'a. Ba zai ga sunan dattawan ba, ba zai ga inda ruga take ba, ba zai ga yawan shanu ba, kuma babu wani wuri guda da aka tara waɗannan bayanai balle a sace su.

Na ce, “To yaya zan san wayar ba ƙarya take yi ba?”

Ta ce, “Baffa, ja hularka ka ruhe ido.”

Na yi, ba da son raina ba. Ta saka mini goro biyu a hannu masu girma ɗaya, ta ce ɗaya fari ne ɗaya ja. Ta ce in kai hannuwana baya, in musanya su ko in bar su yadda suke, sannan in fito da su, ita kuwa za ta faɗa mini ko na musanya. Na yi sau ɗaya ta faɗa daidai. Na ce sa'a ce. Na yi sau ashirin, ina ta dabara, ba ta kuskure ko ɗaya ba.

Ta ce, “Yanzu ka yarda launinsu ba ɗaya ba ne?”

Na ce na yarda.

“To wane ne ja?”

Ban sani ba. Ta gamsar da ni sarai, amma ba ta ba ni komai da zan tafi da shi ba. Ta ce abin da wayoyin biyu suke yi ke nan da lissafi, cikin ƙiftawar ido.

Yayana ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce mata, “Ashe sai yanzu bokonku yak kawo inda nike tun kahin a haihe ki.”

Ni kuwa na gyara hulata na ce wasan yara ne. Na je gaban kwamiti na ce shaidar da ba a ga sunan mai ita ba, ba shaida ba ce. A daidai lokacin wani ɗan kwangila ya kawo tasa manhajar, wadda take nuna komai a fili, har da taurari da ake ba mutum gwargwadon amincinsa. Kwamiti ya zaɓi tasa, bisa shawarata. Ni na tsara gidajen rajistar, wato guraben da za a cike, da hannuna: sunan mai dabba, sunan mahaifinsa, hotonsa, lambar wayarsa, inda rugarsa take, yawan shanunsa, ranar da yake zuwa kasuwa, da sunan dattijon da ya tsaya masa. Sau biyu ina mayar wa ɗan kwangilar da aikinsa saboda layukan ba su miƙe yadda nake so ba.

A kan wannan muka yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba. Ya same ni a gida bayan azahar, bai ko zauna ba.

“Hedimasta, wa za ya karanta wanga abu?”

Na ce, “Kwamiti kaɗai.”

“Kwamiti mutum nawa na? Kowanensu na da waya, kowace waya akwai ɗan da ke ɗaukar ta, kowane ɗa na da aboki. Ka rubuta inda mutum shike kwana, da abin da shike da shi, da ranar da ba ya gida. In ni ɓarawo na, mi kuma nike nema?”

Na ce masa tsari ke nan, kuma da rashin tsari muka lalace. Ya ce ba zai shigar da mutum ko ɗaya ba. Sai na faɗi maganar da har yau take ci mini rai. Na ce, “Yaya, kai ba ka yi karatu ba, shi ya sa ba ka gane ba.”

Ya dube ni na ɗan lokaci, ya ce, “Gaskiya ta,” ya fita.

Kwamiti ya kafa doka cewa duk wanda ba ya cikin rajista ba zai sayar da dabba ba. Yayana ya ƙi, aka ɗauke bencinsa. Ba a daɗe ba ciwon ƙafa ya kwantar da shi.

Yana kwance amininsa ya kawo bijimai biyu kara. Matar aminin tana asibiti a Sakkwato, za a yi mata aiki, ga shi an hana shi ciniki. Na gan shi tsaye cikin rana riƙe da igiya, tsoho, ba ya roƙon kowa. Na ɗauka alheri zan yi. Na kira shi na ɗauki hotonsa, na ce ya je ya sayar, an gama, Yaya ya tsaya masa. Bai tambaye ni komai ba, domin ba ya karatu, kuma ya ji sunan yayana. Sauran gidajen na cike su da kaina. Na san hanyar rugar tun ranar suna. Na kuma san yawan shanun, domin a ranar nan, ana cin abinci ana raha, ni ina tsaye a gefe ina ƙirga su. Ban iya ganin abu a jere in bar shi ba lissafi ba. A gida na ƙarshe na rubuta sunan yayana. Na ce wa kaina ai gaskiya na rubuta.

Bayan 'yan makonni rajistar ta fara yawo a wayoyin mutane. Har yau ba a san ta hannun wa ta fita ba, kuma kowa a kwamiti ya rantse. 'Yan bindiga suka shiga rugar da hantsi, ranar kasuwa, maza ba su nan. Suka kore garken duka. Babban ɗan aminin yayana, wanda aka bari da shanun, ya tare su da sanda, suka harbe shi. Matar mamacin ta ce ta ji ɗaya daga cikinsu ya duba waya ya ce wa 'yan uwansa, “Saura biyu.” Bijiman da aka sayar yake nufi.

Kwana tara bayan haka aminin ya zo zauren yayana. Ina nan zaune, tsakanina da shi bai fi kamu biyu ba. Bai karɓi gaisuwa ba, bai cire takalmi ba.

Ya ce, “An karanta min layina. Sunanka na ƙarshe. Hanyar rugata, da shanuna, mutum guda nab bari shi gani cikin garin ga.” Ya manta cewa an taɓa zuwa da ni ranar suna.

Yayana ya ce, “Ban ba da kai ba.”

“To wa yab ba da ni?”

Yayana ya dubi amininsa. Bai juyo wajena ba, ko da wutsiyar ido. Can ya ce, “Ka tambaye ni ko ni na. Ba ni na ba. Iyakar abin da za ka samu gare ni ke nan.”

Tsohon ya ce, “Shekara arba'in in kac ce ka san mutum, ban taɓa ce maka ina hujja ba. Yau ɗana na cikin ƙasa. Yau ina son hujja.”

Hujjar tana zaune kusa da shi, da hula da tabarau, ba ta ce uffan ba. Tsohon ya juya ya fita, bai sake tako ƙofar gidan ba.

Da muka rage mu biyu na buɗe baki zan yi magana, yayana ya ɗaga hannu kamar yadda ya saba. Ya ce, “Ranar suna na gan ka kana ƙirgar shanun mutane da leɓe. Ba sai ka hwaɗa min ba.”

Na ce, “Don me ba ka gaya masa ba?”

Ya ce, “Ban taɓa tona baƙo ba, ba da ƙanena za ni hwara ba. Kai dai kana da baki, Hedimasta.”

Ina da baki. Shekara guda da 'yan watanni ya rayu bayan wannan rana, bakin nan nawa yana gyara wa mutane magana a majalisa, bai faɗi wannan ba. Na ce wa kaina lokacin bai yi ba, zukata suna da zafi, samarin ruga za su iya yin komai. Duk gaskiya ne, kuma duk tsoro ne.

A cikin wannan shekara Fulani suka daina zuwa. A kara aka fara kiransa infoma a bayan idonsa, har da waɗanda ya tsaya wa suka zama mutane. Ya daina fita kasuwa. Ranar kasuwa sai ya sa a fito masa da kujera ƙofar gida, ya zauna yana sauraren motocin shanu suna wucewa. Bai taɓa canza mini fuska ba. Idan na zo gaishe shi sai ya ɓare goro ya ba ni rabi, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. 'Yarsa ta roƙe shi ya fito ya wanke kansa, ya ce mata, “Ke da kika ce ana iya gamsar da mutum ba a nuna mai komi ba?” Ta ce, “Baba, wannan sai in akwai lissahin da zai duba.” Ya ce, “To ni nawa lissahin ya ƙare.”

Sai bayan sadakar bakwai matarsa ta faɗa mini wani abu da ban sani ba. Yayana yana da karsana guda da yake kiwo a bayan gida. Watanni kafin rasuwarsa ya ba wani mahauci amintacce ya kai wa amininsa, a ce daga wani bawan Allah ne, kada a ambaci suna. Ya san da an ambaci sunansa za a dawo da ita.

Kwana biyu da jin wannan na hau kabu-kabu zuwa bayan garin Rabah, inda aminin yake fake da iyalinsa a wani kango da ba a gama ginawa ba. Karsanar tana ɗaure a gindin wata bishiya. Na yi sallama, ya amsa, bai ce in zauna ba. A tsaye na faɗa masa komai, a jere, ban rage ba: hoton, ƙirgar, gidan ƙarshe, da inda karsanar ta fito.

Ya daɗe yana kallon dabbar. Sannan ya ce, “Ranar da niz zo zaurenai, kana nan zaune.”

Na ce, “Ina nan.”

“Shi ko ya sani?”

“Ya sani.”

“Kuma yab bar ni nit tahi ina tsine mai.”

Na ce na zo neman gafara.

Ya ce, “Malam, wanda nike son in roƙa gahwara ba ya ji yanzu. Wanda ke roƙona ko ba ni son ganinai. Tahi gida.”

Na tafi. Ranar Juma'ar da ta biyo baya na tashi a masallacin unguwarmu bayan an idar da salla, na maimaita abin da na faɗa a Rabah, a gaban shugaban kwamiti da mahautan da suka yi raɗa a wurin zaman makoki. Wasu sun fita da sauri kamar sun tuna wani aiki.

Allah ya gafarta wa yayana, ya haskaka kabarinsa, ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa wa mutane, har da wanda bai cancanta ba.

Na ajiye aikin sakatare. An rufe rajistar, amma tana nan cikin wayoyin da suka riga suka kwafe ta. Manhajar 'yar yayana tana cikin kwamfutarta, kwamiti bai neme ta ba. Ranar arba'in aminin yayana ya zo maƙabartar Wurno shi kaɗai, ya yi addu'a a kan kabarin, ya koma Rabah. Bai biyo ta gidanmu ba.